Sunan da ke Tsakiya

Saƙon yakan shigo ne da safe, kafin Roslyn Zammit ta gama haɗa shayi. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, sai ga layi guda: wani ya ambaci aikin Nerida Kellett. Yau daga Brazil, gobe daga Indiya, jibi daga wani gari da Roslyn ba ta iya furta sunansa. Ita da kanta ta saita wannan sanarwa tun da daɗewa, don ta samu abin tsokanar ƙawarta. Takan leƙa ofishin da ke kallon nata ta ce, "Manya, yau ma an kira sunanki a Kanada. Abincin rana a kanki yake." Nerida ta jefo mata biro ba tare da ta ɗago kai ba.

Nerida ta rasu a daminar bara. Ciwon nan ne da ke kwance cikin ƙasa, wanda ke tasowa idan ruwa ya yi yawa. Ta yi aiki a lambunta da ɗan yanka a yatsa, zazzaɓi ya rufe ta, kafin mako ya zagayo an binne ta. Amma na'ura ba ta san an yi mutuwa ba. Saƙon bai daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. A aikinsu kuwa da wannan ake auna mutum: maƙala nawa ka buga, mutum nawa suka dogara da ita har suka ambace ka a tasu. Sai ga Nerida tana ta ƙara girma alhali tana ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa Roslyn takan kai hannu za ta kashe sanarwar, sai ta fasa. Gani take kamar ta toshe wa mutum baki ne yana tsakiyar magana.

Cibiyar binciken lafiya ce a gefen Townsville, cike da likitoci da masu leƙen ƙwayoyin cuta. Su biyu ne kaɗai masana tattalin arziki a ciki. Yanzu saura ɗaya, ita ma kwantiraginta zai ƙare da ƙarshen shekara.

Maƙalar da ake ta ambata a kan yaran ƙauyukan 'yan asalin ƙasar da ke can arewa ce, masu ciwon zuciyar nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Yaro mai irinsa sai an yi masa allura kowane wata, shekara da shekaru. In ana tsallakewa zuciya ta lalace, sai a ɗauke shi a jirgi zuwa Brisbane a buɗe masa ƙirji. Nerida nas ce kafin ta koma makaranta ta karanta tattalin arziki. Ita ta nemo farar mota, ta zuba nas-nas a ciki, suka riƙa bin yaran har gida da allurar maimakon a zauna jiransu. Ta yi shekaru a kan wannan hanya, tana kwana a ɗakin ajiyar ƙananan asibitoci, tana rubuta kome. A ƙarshe ta nuna cewa man mota da albashin nas ba su kama ƙafar abin da ake kashewa wajen fiɗar ƙirji ba.

Sunaye uku ne a kan maƙalar: Ashby, Kellett, Zammit. Colin Ashby tsohon malaminsu ne, ya ba su aron tsofaffin alƙaluman gwamnati, ya karanta rubutun sau ɗaya a cikin kwalekwalensa. Roslyn ta shigo a watannin ƙarshe ta duba lissafi. A mujallar tattalin arziki aka buga ta, masana tattalin arziki kuwa bisa jerin haruffa suke jera sunayensu, wanda ya sha wahala da wanda ya sha shayi duk ɗaya. A cikin su ukun ba wanda ya taɓa kawo abin a ransa.

Wata Talata shugabar cibiyar, Farfesa Lyndall Petrakis, ta aika a kira ta.

"Shigo, Ros. Ture jakar nan ki zauna. Ke kam kin iya ɓoye kanki. Kullum muna haɗuwa wajen tafasa ruwa kina sunkuyar da kai kamar mai neman aiki, ashe ke ce uwar aikin nan."

"Wane aiki?"

Lyndall ta juyo mata fuskar kwamfuta, ta ɗora farce a kan suna na uku. "Ga ki nan. A ƙarshe."

Roslyn ta ɗan jima tana kallon farcen kafin ta gane. Likitoci ba haka suke karanta sunaye ba. A wurinsu na farko shi ne ƙaramin da ya yi gumi, na ƙarshe shi ne babba, mai tunanin, mai ɗaukar nauyin kome. Na tsakiya kuwa su ne waɗanda suka ba da aron firji ko suka kawo 'yan kwalaben jini, aka saka su don kara.

"Hukumar gudanarwa ta ba ni zaɓi," in ji Lyndall. "Ko in samo wa aikin motar nan shugaba mai nauyi kafin ƙarshen shekara, ko su rufe shi. Na lalube Sydney, na lalube Melbourne, ba mai son zafinmu. Jiya na zauna na ga tulin likitocin da suka ambaci maƙalar nan, na duba suna na ƙarshe, na ce ashe a gida nake da ita. Ki nema. Aiki ne na dindindin, ba kwantiragi ba."

"Lyndall, ai Nerida..."

"Na sani. Allah ya ji ƙanta, ta taimaka miki ƙwarai. Kowa ya san ta da son hanya."

Waya ta yi ƙara. Lyndall ta ɗauka, ta ɗaga wa Roslyn hannu alamar sai an jima.

Roslyn ta fito doguwar barandar ofisoshin. Ta taimaka miki. Maganar ta riƙa dawo mata a kunne. Nerida tana da wani tarin makullai da take ratayawa a ƙugu, na ƙofofin ƙananan asibitoci da na firji da na tankin mai, har akan ji zuwanta kafin a gan ta. A daidai ƙofar ofishinta Roslyn ta ji su, can wajen matakala, kacau-kacau, irin tafiyar nan ta mai sauri. Ta juya. Barandar wayam, sai hasken rana kwance a kan dandamali.

Ran Asabar ta sayi kifi da soyayyen dankali ta tafi wajen Colin. Ta same shi a ƙarƙashin gidansa mai dogayen ƙafafu a bakin kogi, da gajeren wando da tsohuwar hula, yana kwance injin kwalekwale. Da ta gama ba shi labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yarinya, barka da shigowa. Ni tun ina saurayi nake cin arzikin harafin A. Ubana bai bar mini gona ba, bai bar mini gida ba, amma ya bar mini Ashby. Duk maƙalar da na sa wa hannu ni ake kira, sauran su biyo baya. Yanzu ke ma Z ta fara ciyar da ke. Miƙo gishirin."

"Ba abin dariya ba ne, Col. Cewa ta yi Nerida ta taimaka mini."

"To ba ta taimaka miki ba? Wa ya raba ki da wancan saurayin mai gemun akuya?"

"Col."

Ya ajiye dankalin a kan takarda, ya gyara zama. "Saurara. In kika buɗe baki me zai faru? Lyndall ta ji kunya, ta koma wa hukuma hannu wofi. Su rufe. Mota ta ruɓe a bayan gini, yara su koma jiran jirgi. Ke ki tattara ki tafi Canberra ki riƙa ƙirga wa gwamnati gadoji. Nerida kuwa ba za ta taso ta ce miki na gode ba."

"Ban san hanyar ba. Ko ƙauye ɗaya ban taɓa zuwa ba. Lambobi kawai na gani."

"Ni na taɓa zuwa? Har yau rubuto mini ake yi daga ƙasashe. Farfesa Ashby, yaya kuka shawo kan iyaye? Farfesa Ashby, yaya kuke yi in ruwa ya yanke hanya? Ni da ko launin allurar ban sani ba."

"Me kake ce musu?"

"Da can sai in tura wa Nerida."

"Yanzu fa?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, idonsa a kan kogin da laka ta mayar ja.

"Har yanzu ita nake tura wa," in ji shi. "Ba su rufe akwatin imel ɗin nata ba. Ba ya dawowa."

Suka cinye sauran kifin. Da za ta tafi ya rako ta har mota, ya jingina da ƙofa yana haki. "Ki nema, yarinya. Ita ba ta bukatar ofis yanzu."

Ta nema. Ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Ta jera maƙalunta kamar yadda kowa ke jerawa, ta bar sunayen yadda suke. Amma tun daga ranar ta daina bin barandar in za ta ofis, takan zagaya ta matakalar baya.

Da yake ana bukatar ofishin Nerida saboda sabon shugaba, cibiya ta nemi mahaifiyarta ta zo ta kwashe kayanta. Beryl Kellett ta taho a bas daga Ingham, 'yar ƙaramar tsohuwa da jakar hannu da gwangwanin kek ɗin kwakwa.

"Ke ce Roslyn," in ji ta. "Ta ce ba kya cin abinci sai an tuna miki. Ungo, ɗauki biyu."

Ɗakin yana warin rufi da busasshiyar laka. Suka saka takalman roba a kwali, da hular kaba, da kofin da ta ƙi yarda kowa ya wanke mata. Da Roslyn ta jawo aljihun tebur sai ga makullan kwance a ciki, har ƙura ta hau su. Ta tsaya tana kallonsu.

"Waɗannan ba namu ba ne, na aikinku ne," in ji Beryl. Ta ɗauko su ta danƙa mata a hannu. Sanyi gare su kamar daga firji aka ciro su.

Da suka gama Beryl ta zauna a kan kwali tana fifita da hular. "A wajen jana'iza wani ya ce mini duniya na karanta ta. Ni ban taɓa gani ba. Ko za ki nuna mini, 'yar nan? In samu abin gaya wa matan coci."

Roslyn ta kai ta nata ofishin, ta buɗe saƙon da ya shigo da safe, ta bi shi har cikin maƙalar wasu likitocin Brazil, ta nemo layin. Beryl ta saka tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ashby da sauransu," ta karanta a hankali. "Wane ne Ashby?"

"Tsohon nan da ya zo jana'iza da gajeren wando."

"Au, shi. To ita fa?"

"In sunaye suka kai uku ba a rubuta su duka a cikin layi. Na farko kawai. Tana cikin 'da sauransu'."

Beryl ta sake karantawa, leɓenta na motsi. "Ke ma kina ciki?"

"Ina ciki."

"To da sauƙi," in ji Beryl, tana cire tabarau. "Ba ita kaɗai ba ce. Tun tana ƙarama ba ta son a bar ta ita kaɗai."

Roslyn ta raka ta tashar bas da kwalin. Ba ta gaya mata wa zai shiga ɗakin ba.

Ranar ganawa da kwamiti hadari ya haɗo tun da hantsi, har sai da aka kunna fitila. Mutum huɗu ne a bayan tebur, amma biyu ne ke magana: Lyndall, da wani likitan zuciya mai suna Warwick Doust, dogo mai fara'a, wanda shi ke fiɗe yaran idan abin ya kai ga haka. Roslyn ta ajiye jakarta a ƙasa, makullan suka yi ƙara a ciki.

"Na daɗe ina son in gaishe ki," in ji Warwick. "Kin rage mini aiki, matata ta gode. Abin da nake son ji shi ne, lokacin da tunanin nan ya fara zo miki, na bin yara gida, a ina kike? Me kika gani?"

Amsa tana nan a bakinta. Ta sha jin Nerida na ba da labarin: wata yarinya ce da aka jira a asibiti ba ta zo ba, ashe takalmi ne ba ta da shi kuma ƙasa ta yi zafi. Roslyn za ta iya faɗarsa da muryarta, ba mai ƙaryata ta. Ruwa ya fara sauka a kan rufi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga.

"Ba ni tunanin ya zo wa ba," in ji ta. Muryarta ta fito ƙarama, sai ta sake. "Ba ni ba ce. A mujallar tattalin arziki aka buga maƙalar. Mu bisa haruffa muke jera suna. A, K, Z. Ba don ni ce babba nake ƙarshe ba, don sunana Zammit ne. Nerida Kellett ce ta yi tunanin, ita ta nemo mota, ita ta bi hanya. Ni lissafi na duba. Ban taɓa zuwa ƙauyukan ba."

Ruwa ya ƙara ƙarfi a kan rufi. Roslyn ta ji wani sauƙi a ƙirjinta irin na wanda ya sauke kaya, tsoro kuma ya biyo baya, don ta san me ta zubar.

Sai Warwick ya yi murmushi, ya waiwayi sauran. "Kun ji ko? Ni duk manyan da na yi aiki a ƙarƙashinsu, ba wanda ya taɓa cewa ba ni ba ne. Na taɓa yin wani shugaba da in rana ta fito cewa yake shi ya shirya ta." Aka yi dariya. Ya juyo gare ta. "Kin kyauta wa marigayiya, Roslyn. Irin shugabar da muke nema ke nan."

"Ba kara nake yi ba. Ku duba kowace mujallarmu..."

"Mun ji, mun ji," in ji shi da taushin murya, kamar yana lallashin majinyaci. Ya riga ya rubuta wani abu a takardarsa.

Lyndall ba ta yi dariya ba. Ta kalli sunayen uku a gabanta, ta daɗe, sannan ta rufe fayil ɗin ta ce a wuce tambaya ta gaba.

Bayan an tashi ta tsayar da Roslyn a bakin ƙofa, ta bari sauran suka yi nisa.

"Na ji ki, Ros. Na ji ki sarai. Shekara da shekaru ina wannan aiki ban san haka kuke yi ba, kunya kamar in nutse." Ta rage murya. "Abin da zan rubuta wa hukuma shi ne sunanki ne na ƙarshe a maƙalar. Ƙarya ne?"

"A'a. Amma kin san yadda za su karanta shi."

"Na sani. In gyara musu fahimtar, motar ta tsaya? Faɗa mini, in haka kike so in gyara."

Roslyn ta buɗe baki. Ta tuna Beryl da hancinta a jikin gilashi. Ta tuna hannayen Warwick, dogayen yatsu masu tsabta, da abin da suke yi wa ƙirjin yara in allura ta yanke.

"Kada ki gyara," in ji ta.

Aka ba ta aikin. Aka cire allon sunan Nerida daga ƙofa aka maƙala nata, ramukan ƙusoshin ma ba su sauya ba. A mujallar cibiya aka buga hotonta, aka rubuta a ƙasa cewa ita ce ta assasa aikin motar. Ta aika a gyara, aka ce sai fitowa ta gaba, fitowa ta gaba kuma ba wuri. Mutane suka riƙa tsayar da ita a matakala suna taya ta murna. Duk wanda ta gaya wa gaskiya sai ya dafa kafaɗarta ya ce halinta na da kyau. Tun tana faɗa har ta gaji.

Da ruwa ya janye hanya ta buɗe, ta ce za ta bi motar. Delphine ce ke tuƙi, nas 'yar can arewan, wadda ta fi kowa daɗewa a aikin.

"Shugaba, kin taho da man shafawa na rana kuwa? Kada mu dawo da ke kamar dafaffen jatan lande."

"Ki daina ce mini shugaba."

"Haka na gani a ƙofa."

Suka bar kwalta suka hau jar hanya. Gonakin rake suka ƙare, sai dogayen itatuwa da gidajen gara. Roslyn tana ta shirya magana a ranta. Can ta ce, "In mun isa, kafin kome, zan tara su in gaya musu. Zan ce aikin Nerida Kellett ne, in kira sunan gaba ɗaya. Ko a wuri ɗaya ne a faɗe shi daidai."

Delphine ta rage gudu, ta kalle ta ta gefen ido.

"A can kada ki kira sunan."

Roslyn ta san al'adar kamar kowa. A ƙauyukan nan in mutum ya mutu akan ajiye sunansa, ba a kira sai an daɗe. "Na sani," in ji ta. "Amma ai ita ba 'yar nan ba ce."

"Je ki gaya wa Anti Coral haka, ni zan jira ki a mota." Delphine ta kauce wa wani rami. "Ranar da labari ya iso suka sauke hotonta daga bangon asibiti. Akwai jaririyar da aka sa wa sunanta, yanzu da wani suna ake kiranta. Ki ce 'waccan sistar'. Za su gane."

Roslyn ta mayar da idonta kan hanya har suka isa.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, karnuka kwance a inuwar mangwaro. Mata sun riga sun taru da yara, sun ji ƙarar mota tun daga nesa. A tsakiyarsu wata tsohuwa mai farin gashi tana zaune da sanda a kan cinya. Delphine ta sunkuya ta rungume ta, sannan ta nuna Roslyn. "Anti Coral, ga sabuwarmu."

Akwai wata shuɗiyar kujerar roba a bakin ƙofa, ba kowa a kai, ko da yake wasu matan a ƙasa suke zaune. Roslyn ta kai hannu za ta jawo ta.

"Ba wannan ba, 'yata," in ji Anti Coral.

Roslyn ta janye hannu. Wata mata ta kifa mata akwatin madara, ta zauna a kai, gwiwoyinta sun kusa kai mata haɓa. Tsohuwar ta ƙare mata kallo tun daga hula har takalmi.

"An ce ke ce babba yanzu."

"Haka aka rubuta, Anti. Amma ba ni na yi aikin ba." Ta haɗiye sunan da ya taso mata. "Waccan sistar ce ta yi. Duka."

Anti Coral ta yi mata wani irin kallo, sannan ta juya ga matan. "Kun ji? Ta taho tun daga Townsville don ta gaya mana." Matan suka kwashe da dariya, har mai shayarwa sai da ta gyara riƙon jariri. Tsohuwar ta juyo. "To da wa zai yi, 'yata? Ai muna nan."

Roslyn ta sunkuyar da kai. Idonta ya cika, ta bar shi. Ba wanda ya dafa ta, ba wanda ya ce halinta na da kyau. Delphine ta shiga ciki da akwatin allura, yara suka fara bin layi suna tura juna gaba.

"Kin iya allura?" in ji Anti Coral.

"A'a."

"Tuƙi a laka fa?"

"Shi ma a'a."

"Me kika iya?"

"Lissafi. Da rubuta wa hukuma takarda kada su tsayar da motar."

Tsohuwar ta yi ɗan tunani. "Wannan ma aiki ne," in ji ta. "Wata mai zuwa za ta zo?"

"Za ta zo."

"Ke fa?"

"Ni ma."

"Za mu gani." Ta nuna bayan asibitin da sandarta. "Akwai yara biyu da suka koma wajen kakarsu a ƙetaren rafi. Mota ba ta zuwa. In Delphine ta gama sai ki riƙe mata akwati, bayanta na ciwo, ba za ta faɗa miki ba."

Rana ta karkata kafin su gangara rafin. Roslyn ta cire takalmi ta rataya a wuya, ta rungume akwatin a ƙirji. A bakin ruwan ta tsaya tana dube-dube don tsoron kada.

"Kada ba ya hawowa nan, Shugaba," in ji Delphine, ta riga ta shiga har gwiwa. "Ko ya hawo ma ni zai fara ci, na fi ki nama. Dutsen nan na da santsi. Ki taka inda na taka."

Roslyn ta ɗaga akwatin sama, ta saka ƙafa.